Abin da Rahamatu Ta Rubuta wa Ubanta

Mawashi, 12 ga Jimada Akhir, 1362

Takarda daga hannun Hafsatu ɗiyar Malam Uthman zuwa ga taubashina Ashafa, malamin kiran sunan lebura a barikin kuza, ƙasar Jos. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mu nan lafiya lau, sai kawunka Malam da idon nan nashi da ya ƙi sauƙi. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu wuyan nan naka yana nan kamar na zalɓe, ko tuwon bariki ya cike shi.

Bayan haka, ga dalilin ƙunshin da Sodangi mai fataucin taba zai ba ka. Tun da aka yi diban gwamna aka kwashi mazan garin nan goma sha ɗaya zuwa haƙar kuza, zauren Malam bai huta ba. Kullum mata na aiko yara, a rubuta wa wane, a gaya wa wane. Malam ba ya gani, sai ni. Na rubuta "kowa lafiya" har hannuna ya gaji. Rannan na dubi yaran da ake aikowa, sun yi tsaye sun zuba wa alƙalami ido, na ce su zauna. Duk sun san baƙaƙe da wasali daga allo. Abin da ba su sani ba shi ne baƙaƙen nan suna iya ɗaukar maganar bakinsu su kai ta Jos. Yanzu su bakwai nake da su, kullum bayan azahar, kuma takardun da ke cikin ƙunshin da hannunsu suka rubuta. Kada ka yi masu dariya, kai da sai da ka yi gemu kafin rubutunka ya miƙe.

Ka lura da ta Rahamatu ɗiyar Manu. Shekararta goma, in tana rubutu sai ta ciji harshe, kuma ba ta san doguwar gaisuwa ba, kai tsaye take faɗin abin da ke akwai. Kakarta Iya Fadimatu ta zo da sandarta har zaure don ta ga abin da idonta. Ka san Manu ɗanta na fari ne, ba ta taɓa kama sunanshi ba, don haka ta ce wa yarinyar ta rubuta a gaya wa "mutumin" ya riƙa rufe ƙirjinshi. Haka ta rubuta, ban gyara ba.

Wallahi na daɗe ban ji daɗin abu kamar wannan ba. Ka karanta masu, ka ba ni labari. Haza wassalam.

*

Barikin kuza, 6 ga Rajab

Zuwa ga Hafsatu, wadda ta ƙwace mani sana'a tana zaune cikin gida. Ina gaishe ki, ina gaida Kawu da tsohuwa. Ki ce mata wuya yana nan yadda ta san shi. Ni lafiya, sai mura da ba ta rabuwa da kowa a nan.

Takardun sun iso. Ran Lahadi ba aiki, da hantsi mutanenmu suka zauna bayan bukka suna shan rana, na kwance ƙunshin. Rubutun ɗalibanki sai da yatsa ake bin shi, kalma bayan kalma, mutum ba ya sanin inda magana ta dosa sai ya isa. Dawuda, ɗaya daga cikinsu, ya yi dariya har da hawaye da ya ji ɗanshi ya kai ƙarar jaki. Manu bai yi dariya ba. Na karanta mashi cewa tunkiya ta haifi biyu, kuma Iya ta ce mutumin ya rufe ƙirjinshi. Ya ce in sake, na sake, ya ce in ƙara. Daga nan ya ce in nuna mashi inda sunanshi yake a takardar. Na nuna mashi, ya ɗora yatsa a wurin ya daɗe bai ɗaga ba. Tun daga ranar yake ɗaura tsumma a ƙirji kafin ya shiga rami.

Hafsatu, sanyin nan ba irin namu ba ne. Ruwa ne da iska, kuma aikin cikin ruwa ake yin shi tun safe. Mutanenmu ba su saba ba, tari ke kayar da su. Makon jiya mun binne mutum biyu na Fakuwa. Wannan tsakanina da ke ne. Ba a aika mutuwa a takarda, in an sallami ayarinsu manya za su kai labarin da baki, a zaunar da iyalan a gaya masu.

Ki ci gaba da aikowa. Mutanen nan tun daga Alhamis suke fara tambayata ko Sodangi ya iso. Taki takardar kuwa ita nake ajiyewa ƙarshe, sai na sallami kowa in karanta ta ni kaɗai, don kada su ji yadda kike zagina. Wassalam.

*

Mawashi, 23 ga Rajab

Ashafa, ina gaisuwa. Muna lafiya, Malam ya ce yana sa maka albarka. Gero ya yi kyau bana, sai dai hannun noma ya yi kaɗan, mata da tsofaffi ke cikin gona.

Allah ya yi wa Iya Fadimatu rasuwa ran Talata da la'asar. Kwana huɗu ta yi tana zazzaɓi. Ina wurin. Akwai abin da ya faru wajen cikawarta da ba zan sa a takarda ba, sai ka zo.

Manya sun zauna a zauren Malam, sun ce kada a gaya wa Manu. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki a sallame su, in ya iso ya sha ruwa ya huta, Malam zai gaya mashi da kanshi. Ka san yadda Manu yake da uwarshi. Na je na yi wa matarshi Kulu magana kada ta ba Sodangi saƙo da baki, ta ce ita ma ta sani, ba yarinya ba ce. To kai ma ka kama bakinka, in ya tambaya ka ce jikin tsufa ne kawai.

Takardun yara bakwai suna cikin ƙunshin. Yanzu su ke rubuta abinsu su naɗe da kansu, ko dubawa ba na yi. Malam ya ce na fara alfahari, na ce ai da dalili. Ka gaida mutanenmu. Wassalam.

*

Barikin kuza, 9 ga Sha'aban

Hafsatu, ina gaishe ki. Ban san yadda zan fara ba, don haka zan faɗa maki yadda abin ya faru.

Sodangi ya iso ran Asabar. Ran Lahadi da hantsi muka zauna inda muka saba. Na ware taki na sa a aljihu, na fara da na yara. Ta Rahamatu ce ta huɗu. Ga abin da ke ciki, na haddace shi ba da sona ba:

"Daga Rahamatu ɗiyar Manu, Mawashi. Baba, gero ya yi ciki. Iya ta rasu ran Talata da la'asar. Kafin ta rasu ta kira sunanka sau uku, Manu, Manu, Manu. Ban taɓa jin ta faɗi sunanka ba. Na ce mata ba ka nan."

Yatsana yana kan takarda, bakina yana bin yatsa. Kafin in gane me nake faɗa, "rasu" ta riga ta fita, a gaban mutum goma. Na tsaya. Manu ya ce, "Ƙarasa." Na ce sauran gaisuwa ce. Ya ce, "Ashafa, ƙarasa." Na ƙarasa. Aka yi salati, Dawuda ya fara yi mashi ta'aziyya, shi kuwa ni kaɗai yake kallo. Ya ce, "Da bakinta ta hwaɗi sunan?" Na ce haka aka rubuta. Ya miƙo hannu na ba shi takardar, ya naɗe ya cusa cikin hularshi. Bai yi kuka ba. Ya yi azahar da mu, ya yi la'asar da mu. Sai bayan an watse na buɗe taki, na ga inda kika ce in kama bakina.

Ran Litinin da safe na kira sunanshi ba a amsa ba. Ya bar wa Dawuda bargonshi. Wata mai sayar da itace ta ce ta ga mutum ya kama hanyar arewa a ƙasa, ba takalmi. Kwana uku ina rubuta cewa yana nan don kada a bi shi, ran na huɗu hedima, shugaban lebura, ya ƙirga kawuna ya gane. Ran da ya tafi, saura kwana ashirin da shida fa a sa su a jirgin ƙasa.

Tafiyar ƙasa daga nan zuwa gida kwana ashirin ce ga mai lafiya, shi kuwa da tari ya tafi, ga rafuka sun cika. Da kin duba takardar kafin ta naɗe. Da ni ma na fara da taki. In ya iso ki aiko mani ko ta hannun wa. Wassalam.

*

Mawashi, 12 ga watan Azumi

Ashafa, muna lafiya, muna azumi. Manu bai iso ba.

Na karanta inda ka ce da na duba takardar. Na karanta wurin ya fi sau goma. Ba sai ka gaya mani ba. Na gargaɗi Kulu, na gargaɗi Sodangi, na gargaɗe ka, ban tuna da yarinyar da na sa wa alƙalami a hannu ba. Wa ya taɓa jin an ce a gargaɗi yaro kada ya aika labari Jos? Da can ba abin da yaro ke aikawa. Na koya masu yadda ake haɗa baƙi da baƙi, ban koya masu abin da ba a rubutawa ba, don ni ma ba wanda ya zaunar da ni ya koya mani, tashi na yi na ga ana yi.

Ayarin su Dawuda ya sauka Kankiya ran uku ga wata, suka ƙaraso da yamma. Kulu ta share ɗaki, ta dama fura, ta tsaya bakin zaure tana ƙirga masu shigowa gari. Dawuda ne ya gaya mata cewa Manu ya riga su tasowa da wata guda. Dalilin kuwa manya kaɗai aka gaya wa, kuma an yi shawara kada yarinyar ta ji. Kulu ta ce wataƙila ya tsaya aikin gona a hanya. Kowa ya ce wataƙila.

Na rufe karatun. Na ce wa yara sai bayan salla. Shida sun daina zuwa, Rahamatu ba ta daina ba. Bayan azahar sai in tarar da ita zaune a zaure, ba allo ba takarda. Shekaranjiya ta tambaye ni kwana nawa ne daga Jos a ƙasa. Na ce ya danganta. Ta ce Baba Dawuda ya ce ashirin, ita kuma ta ƙirga yau arba'in ba ɗaya. Sai ta tambaye ni wace rana Sodangi ya isa barikin. Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi mata, da azumi a bakina.

Abin da na ce ba zan rubuta ba, ai ka riga ka karanta shi. Ina riƙe da kan Iya a cinyata lokacin. Kwana biyu ba ta yi magana ba, sai ta buɗe ido ta dubi ƙofa ta kira shi, da murya sosai, irin kiran da ake yi wa yaron da ya yi nisa a gona. Matan da ke ɗakin duk suka sunkuyar da kai don kunya, kamar mun ga abin da bai kamata mu gani ba. Yarinyar ce kaɗai ta amsa mata. Tun da takardarka ta zo, la'asar ba ta yi ban ji kiran nan ba. Ina tankaɗe in ji shi, ina alwala in ji shi. Na gaya wa Malam ya ba ni addu'a, ina yi, ban daina ji ba. Tsoro nake ji, Ashafa. Ka tambayi duk mai fitowa daga arewa. Wassalam.

*

Barikin kuza, 15 ga Shawwal

Hafsatu, barka da salla, ko da yake ta wuce. Ina gaida Kawu da tsohuwa. Na jira Sodangi sau biyu ko akwai wata daga gare ki, babu.

Ba laifi na ɗora maki ba. In laifi ne, bakin wa ya faɗa? Ki yafe mani layin nan da na rubuta.

Na tambayi fatake, na tambayi masu shanu. Wani ya ce ya ga mai irin kamanninshi yana jiran ruwa ya janye a wani rafi wajen Lere, amma wannan tun cikin Sha'aban. Bayan shi ba wanda ya ga komai. An cire sunanshi daga takardar kira, amma kullum da safe in na zo wurin da yake, tsakanin Mamman da Mati, sai harshena ya tsaya. Sabbin lebura sun ɗauka in'ina nake yi.

Cikin sabon ayari akwai mutum huɗu na Kusada da biyu na garinku. Sun ji labarin takardun yara, suna tambayata yaushe nasu za su zo. Ban san abin da zan ce masu ba. Ki amsa mani ko layi biyu ne. Wassalam.

*

Mawashi, 14 ga Zulƙida

Ashafa, na samu takardarka, na kuma yafe, kai ma ka yafe mani shirun. Malam da Gwaggo suna lafiya. Labarin Manu ya zo yau da hantsi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wani liman ne, a wani ƙauye na ƙasar Lere, ya rubuto. Takardar ta yi wata biyu da rabi tana yawo daga hannu zuwa hannu kafin ta iso Kankiya. Ya ce wani baƙo ya faɗi a bakin masallacinsu, ƙafafu a kumbure, yana tarin jini. Suka kwantar da shi a zaure ya kwana uku. Bai iya doguwar magana ba, sai dai ya ciro wata takarda daga hula ya miƙa wa liman, kullum sai an karanta mashi. Ran na uku, da liman ya zo wurin da aka jera sunan, baƙon ya ce "Na'am," bai ƙara cewa komai ba har ya cika. Sun yi mashi sutura sun binne shi ran sha biyar ga Sha'aban. Ba su san kowa nashi ba sai sunan da ke saman takardar, don haka liman ya rubuta a bayan tashi takardar: zuwa ga Rahamatu ɗiyar Manu, Mawashi.

Wanda ya kawo ta daga Kankiya bai san komai ba. Ya tambayi gidan, ya yi sallama, ya ba da ita ya wuce. Kulu tana sussuka a tsakar gida, ta ce wa yarinyar ta karanta mata. Ba na wurin, Rahamatu ce ta ba ni labari. Yanzu idonta ya fi bakinta sauri, ta karance ta duka kafin ta buɗe baki. Uwar ta ce me aka ce. Ta ce mata wani malami ne, ya ce Baba ya sauka gidanshi yana hutawa. Kulu ta ajiye taɓarya ta yi sujada a ƙasa. Ta aika wa maƙwabta da albishir, ta kama zakara ta ba a yanka.

Yarinyar ta ce za ta kawo mani takardar in gani, uwar ta ce maza. Ta shigo zaure ta miƙo mani, ta zauna inda take zama. Na karanta a tsaye. Da na gama na kasa dubanta. Ita ce ta fara magana, ta ce, "Malama, takardata ce ta tashe shi ko?" Na buɗe baki in sake yi mata ƙarya, na kasa. Na ce ni ce ban koya mata ba. Sai ta ce, "Wannan karon ban hwaɗi ba."

Na karanta wa Malam. Ya yi addu'a, sannan ya ce takabar Kulu ta yi wata uku ba ta sani ba, ga lalle a hannunta, dole a gaya mata yau. Ya ce a miƙo mashi rigarshi. Rahamatu ta riƙe mashi hannun riga ta ce don Allah a jira Inna ta ci abinci, tun ran da ayari ya dawo ba ta ci ta ƙoshi ba, yau ce za ta ci. Malam ya koma ya zauna.

Maganar mutanen da ke jiran takardun yaransu, ban san amsar da zan ba ka ba tukuna. Sodangi zai wuce gobe da safe, shi ya sa nake rubuta wannan yanzu, hannuna ma ya samu abin yi. Malam yana zaune da rigarshi a jiki da sandarshi a cinya. Yarinyar tana gefena, ba ta yi kuka ba, ta ce in ta yi idonta zai nuna. Gidan Kulu katanga biyu ne daga nan, ƙanshin miyar yana zuwa har zaure, kuma ɗazu ta aiko a ce wa Rahamatu ta zo da Malamarta a ci tare. Za mu je. Wassalam.